Auna Aikin Ma'aikaci: Tsakanin Fom da Rangadi a Boɗinga da Shagari

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, Boɗinga zai fara ratsawa, sannan Shagari, kafin ya kai Tambuwal. Biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, kuma kamar sauran 'yan uwansu na karkara, mutanensu ba ta fuskar gwamna ko kwamishina suka san gwamnati ba. Gwamnati a wurin manomin Dingyadi, ko matar aure a Dandin Mahe, ita ce malamin firamaren da ke koyar da ɗansu, da ma'aikaciyar lafiyar da ke awon ciki a ɗakin shan magani, da malamin gona, da mai yankan rasit ranar kasuwa. In waɗannan sun yi aikinsu, talaka ya ga gwamnati. In ba su yi ba, duk abin da aka ware a kasafin kuɗi bai iso gare shi ba.

To, wa ke sanin ko sun yi? In kuma aka gano wani bai iya ba, wa ke koya masa? Masana harkar kula da ma'aikata suna kiran tambaya ta farko auna ƙwazo, ta biyu kuwa horarwa. A ofisoshinmu an raba su, kowace da fayil ɗinta da lokacinta da masu cin moriyarta. A ganina wannan rabuwar ita ce tushen ciwon, domin aiki ɗaya ne: a je a ga abin da mutum ke yi, a faɗa masa gaskiya, a koya masa abin da ya rage.

Babu ma'aikacin gwamnati a Nijeriya da bai san fom ɗin APER ba, wato rahoton ƙwazo na shekara-shekara. Ma'aikaci ne ke cika kashin farko: sunansa, matakinsa, ayyukan da ya yi cikin shekarar, kwasa-kwasan da ya halarta. Shugabansa na kusa ya ba shi maki a kan sanin aiki, da zuwa kan lokaci, da zama da mutane, da riƙon amana da makamantansu. Ma'aikacin ya karanta abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu, sannan wani babba ya sake sa hannu a ƙasa. Har gurbi aka tanada inda shugaba zai rubuta irin horon da wannan ma'aikaci ke buƙata. A takarda, tsarin ba shi da laifi.

Asalinsa ma gyara ne. A zamanin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai, rahoton sirri ake rubutawa. Shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a kulle a fayil, ma'aikaci ya yi shekaru ana tsallake shi wajen ƙarin girma bai san dalili ba. Kwamitin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, shi ya kawo shawarar a buɗe rahoton ma'aikaci ya gani da idonsa, a kuma daidaita matakan albashi daga na 01 zuwa na 17. Ya kuma ɗauko wata dabara da Peter Drucker ya yaɗa a Amurka tun 1954: shugaba da na ƙasa da shi su zauna a farkon shekara su yarda a kan abin da za a cim ma, a ƙarshenta a auna mutum da wannan yarjejeniyar, ba da son rai ba. Abin takaici, abin da jama'a suka riƙe daga Udoji shi ne ƙarin albashi da ariyas ɗin da suka cika kasuwa da kuɗi. Ɓangaren zama a yarda da manufa bai kama ƙasa ba. Shekara guda bayan haka, a 1975, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata kimanin dubu goma ba tare da bin doguwar hanya ba. Akwai waɗanda suka cancanci kora a cikinsu, amma darasin da ya zauna a zukatan sauran shi ne cewa takardar da ke fayil ɗinka tana iya zama ajalin aikinka dare ɗaya. Daga nan kowa ya koyi kare fayil. Gyaran 1988 da kwamitin Allison Ayida na 1994 sun zo sun wuce, fom ɗin yana nan.

A matakin ƙaramar hukuma akwai wani ƙulli na daban. Tun bayan gyaran 1976 da ya maye gurbin tsarin En'e, ma'aikacin da ya kai mataki na 07 zuwa sama yana hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha: ita ke ɗauka, ita ke ƙarin girma, ita ke canjin wurin aiki, ita ke ladabtarwa. Ƙananan ma'aikata ne kawai aka bar wa ƙaramar hukumar. Malaman firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ofishin sakataren ilimi. Ma'aikatan lafiya a matakin farko su ma da tasu hukumar a jiha. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don kada kowane sabon shugaban ƙaramar hukuma ya zo ya kori waɗanda ba nasa ba. Sai dai sakamakonsa shi ne, mutanen da ke ganin aikin da idonsu a Sifawa ko Kajiji ba su da iko a kan makomar ma'aikacin, waɗanda ke da ikon kuwa suna Sakkwato, kuma takarda kawai suke gani.

Ita kuwa takardar, ga yadda take samuwa a mafi yawan wurare. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ƙaramin ma'aikaci yana jiran shekara biyu kafin a duba ƙarin girmansa, na mataki na 07 zuwa na 14 shekara uku, na sama da haka shekara huɗu. Ana buƙatar rahotannin shekarun da suka gabata. Sau da yawa ba a tuna da fom sai lokacin ya ƙarato, sai mutum ya ɗebo na shekara uku ya cika su zama ɗaya, ya kai wa shugabansa. "Ranka shi daɗe, ga takardun nan, a taimaka." Shugaban kuwa wa yake gani a gabansa? Mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci. Wataƙila surukinsa ne, ko ɗan malaminsa na allo, ko wanda ya fara zuwa gaisuwa ranar da aka yi masa rasuwa. Ya san mutumin bai cika zuwa aiki ba. Amma ya san iyalinsa, ya san nauyin da ke kansa. Abin da za ka ji a bakinsa shi ne, "Ba ni zan shiga tsakanin mutum da abincinsa ba." Sai ya ba da maki mai kyau ya sa hannu. Gurbin horo kuwa, ko a bar shi fayau, ko a rubuta kalma ɗaya wadda ba mai bibiya.

Ba na raina wannan shugaban. Kunya da kara da zumunci su ne suka riƙe garuruwanmu, kuma wanda ya tashi a cikinsu ya san ba abu ne da ake tuɓewa a ƙofar ofis ba. Amma a tsaya a duba wa ke biyan kuɗin wannan karar. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba shi ke biya. Matar da ta yi tafiyar ƙasa da tsohon ciki ta tarar da ɗakin shan magani a kulle ita ke biya. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba: malamin kirki, mai sammako, wanda damina ba ta hana shi zuwa. Idan ya ga makinsa ɗaya da na wanda ba ya zuwa, shekara ta farko zai haƙura, ta biyu zai haƙura, a ta uku sai jikinsa ya yi sanyi. Mudun da ke nuna cike ko an zuba ko ba a zuba ba, mai hatsin kirki ya fi kowa cutuwa da shi. Sannan ga abin da ya fi nauyi ga duk mai imani: rahoton nan shaida ce. Wanda ya rubuta cewa wane ya yi ƙwazo alhali ya san bai yi ba, shaidar zur ya bayar, ko da tausayi ne ya sa shi.

Kada a ɗauka wannan cuta tamu ce mu kaɗai. Tun 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura, daga rahotannin da hafsoshin sojan Amurka ke rubutawa a kan na ƙasa da su, cewa idan mutum ya burge shugabansa ta fuska ɗaya, sai a ba shi maki mai kyau a kowane fanni. Masana sun kuma san sassaucin da ke sa a yabi kowa, da tsoron da ke sa a tara kowa a tsakiya, da mantuwar da ke sa a auna shekara guda da abin da ya faru a watan ƙarshe. W. Edwards Deming, wanda masana'antun Japan suka amfana da koyarwarsa bayan yaƙin duniya na biyu, ya lissafa ba da maki na shekara-shekara cikin cututtukan da ke kashe kamfani, domin a cewarsa mafi yawan gazawa daga tsarin aiki take, ba daga ma'aikaci ba. Wani nazari da Kluger da DeNisi suka wallafa a 1996, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka gaya wa mutum sakamakon aikinsa, aikin baya ya yi maimakon gaba, musamman idan maganar ta taɓa mutuncinsa ba aikinsa ba. Kamfanin Adobe ya yi watsi da rahoton shekara a 2012 ya koma zama akai-akai tsakanin shugaba da ma'aikaci. Microsoft ya daina jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a 2013. Masu kuɗin duniya ke nan suna komawa ga abin da ƙasar nan ta sani tun da daɗewa.

Na ce ta sani, domin ƙasar Boɗinga ba baƙuwar wannan magana ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan an gama manyan yaƙoƙin jihadi, kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a zaman nan ne, a 1812, aka raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello da ƙanensa Malam Abdullahi. Malam Abdullahi kuwa a garin Boɗinga ya zauna kafin komawarsa Gwandu. Tambayar da ta fi damun waɗannan malamai a lokacin ita ce tamu ta yau: an ba mutane tuta an tura su nesa, yaya za a san abin da suke yi? Littafin Liya'ul Hukkami da Malam Abdullahi ya rubuta a Kano, bisa roƙon mutanenta, ya ɗebo da yawa daga nasihar da Shaihu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa fiye da shekara ɗari uku kafin nan. Nasihar ta yi ta maimaita gargaɗi a kan shugaban da ke ɓoye kansa daga talakawansa, ta kuma umarce shi ya riƙa bincikar waɗanda ya naɗa, ya san abin da suka mallaka kafin naɗi, ya saurari koke a kansu. Tushen wannan ya fi su daɗewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma ƙi yarda da abin da ya keɓe wa kansa da sunan kyauta. Sayyidina Umar yana da mutum na musamman, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa garuruwa ya binciki gwamnoni. An kuma ruwaito cewa Umar bai ɗauki zaɓen mutumin kirki da yi masa umarni da adalci a matsayin sauke nauyi ba, sai ya duba aikinsa ya ga ko ya yi abin da aka sa shi. A duk wannan babu wanda ya tsaya jiran takarda ta zo. Mai aunawa shi ke tashi ya je.

Shagari kuma ta haifi mutumin da ya yi irin wannan aiki a zamanin boko. Duniya ta san Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, a matsayin shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Amma wanda aka haifa a garin a 1925, ya yi elementare a Yabo da Midil a Sakkwato, malamin makaranta ne kafin komai. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe makaranta a Argungu, sannan a shekarun 1950 ya zama malami mai ziyarar makarantu a Lardin Sakkwato. Daga baya, tsakanin 1960 da 1962, shi ne ministan tarayya mai kula da sha'anin ma'aikata da fansho, daidai lokacin da ake maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa, aikin da gaba ɗayansa tantancewa ne da horarwa. Bayan juyin mulkin 1966 ya dawo gida ya shiga aikin gina makarantu a lardin, ya kuma riƙe kwamishinan harkokin ma'aikata da na ilimi a Jihar Arewa maso Yamma.

Muƙamin nan na malami mai ziyara ya cancanci a tsaya a kansa. Gogaggen malami ne da En'e ke ɗauka ta ba shi makarantun ƙauyuka ya riƙa zagayawa. Yakan shiga aji ya zauna a baya ya saurari darasi, ya duba rajista da littafin shirin darasi da littattafan yara. In ya ga malami ya kasa bayyana wani abu, yana iya karɓar alli ya koyar a gabansa. Ya rubuta abin da ya gani a littafin makaranta, in ya dawo zagaye na gaba ya duba ko an gyara. Aunawa da koyarwa a rana ɗaya, a aji ɗaya, daga bakin mutum ɗaya. Ba ina cewa zamanin En'e aljanna ba ne. Makarantu kaɗan ne, 'ya'ya mata ba su da yawa a cikinsu, kuma akwai danniyar da ta sa 'yan jam'iyyar NEPU suka yi ta kuka. Abin da nake nufi shi ne dabarar rangadi daidai take, kuma har yau akwai masu duba makarantu a ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi. Muƙamin bai mutu ba. Abin da ya raunana shi ne abin hawa, da man fetur, musamman tun cire tallafi a Mayun 2023, da kuma tabbacin cewa abin da mai dubawa ya rubuta wani zai karanta ya yi aiki da shi.

Mu koma ga horarwa. Ba rashin makarantu ke damunmu ba. Cibiyar koyon sha'anin mulki da ke Kongo a Zariya ta fara ne a 1947 a matsayin makarantar horar da akawuna, ta zama cibiyar mulki a 1954, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ma'aikatan En'e da ƙananan hukumomi na Arewa da yawa can suka sha. Akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da kwalejin ASCON da ke Badagry tun 1973, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976. A nan gida ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga kwalejin koyon aikin lafiya ta Gwadabawa, ga makarantar horar da malamai da ke ɗauke da sunan Shehu Shagari kansa. An kuma daɗe da tsarin cire kashi ɗaya cikin ɗari na kason ƙananan hukumomi a ajiye shi don horar da ma'aikatansu.

Matsalar ita ce yadda ake zaɓen wanda za a horar da abin da za a koya masa. Bita ta zama lada. Kwana uku a ɗakin taro a birni, jaka da littafin rubutu, takardar shaida, sai alawus. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba laifinsa ba ne in alawus ɗin ya fi jan hankalinsa. Amma da zarar bita ta zama abin rabo, sai sunayen na kusa su riƙa maimaituwa, wanda ke can ƙauye mai nisa kuwa, wanda ya fi kowa buƙata, ya yi shekaru ba a kira shi ba. Abin da ake koyarwar ma sau da yawa ba daga gurbin nan na fom ya fito ba, daga abin da mai shirya bitar ke da shi a hannu ya fito. Donald Kirkpatrick ya kawo wani ma'auni a 1959 da har yau ake amfani da shi. Ya ce a tambayi horo abu huɗu: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko sun canza yadda suke aiki bayan sun koma, ko kuma canjin ya haifar da sakamako. Mu a tambayar farko muke tsayawa. Ta uku ita ce mai wuya, domin ba a amsa ta a ɗakin taro. Dole bayan wata biyu wani ya hau babur ya je Danchadi ya ga ko ma'aikaciyar nan tana auna hawan jinin masu ciki yadda aka nuna mata. Rangadi ke nan ya sake dawowa.

Akwai horon da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma aka fi sakaci da shi: horon shugaban kansa. Yadda muke yi, malamin da ya fi daɗewa ko ya fi iya koyarwa shi ake ba hedimasta, ma'aikacin lafiyar da ya fi girma a mataki shi ake ba riƙon asibiti. Laurence Peter ya yi littafi guda a 1969 a kan wannan, yana nuna yadda ake ɗaga mutum saboda ya iya aikinsa har a kai shi aikin da bai iya ba. Koyar da yara daban, riƙon manya daban. Sabon hedimasta yana buƙatar a koya masa yadda zai zauna a ajin wani ba tare da ya kunyata shi gaban ɗalibai ba, da yadda zai riƙa rubuta abin da ya gani da kwanan wata tun farkon zango, don ranar cika fom ya zama hujja ce ke magana ba ra'ayinsa ba. Yana buƙatar sanin bambancin wanda bai iya ba, da wanda ba shi da kayan aiki, da wanda ya ƙi, domin maganinsu uku ne daban: na farko koyarwa, na biyu tanadi, na uku kaɗai ne ya cancanci takardar tuhuma. Mafi wuya, yana buƙatar sanin yadda ɗan shekara arba'in zai gaya wa wanda ya haife shi cewa aikinsa da gyara. Al'adarmu tana da hanyar wannan. A keɓe mutum, a gaisa, a tambayi iyali, a fara da alherinsa, a ce, "Baba, akwai wani abu da na gani a aji uku, ina son mu duba tare." A yi maganar a kan aikin, a bar mutuncinsa a inda yake. Abin da binciken Kluger da DeNisi ya gano ke nan, kuma abin da malamanmu ke nufi da nasiha a asirce. Wannan zama da Hausa za a yi shi, ko da fom ɗin da Turanci aka buga shi.

Yanzu gwamnatin tarayya ta ɗauki hanyar sauke APER. Tun zamanin shugabar ma'aikata Folasade Yemi-Esan, cikin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, aka shigo da sabon tsarin da ake kira PMS: yarjejeniyar aiki a farkon shekara, manufofi masu ƙidayuwa, da zaman bibiya a cikin shekara maimakon sau ɗaya a ƙarshenta. Abin da tarayya ta fara, jihohi kan bi, don haka ya kamata ma'aikatan ƙananan hukumomi su san da shi. Zaman bibiyar nan alheri ne, shi ne rabin Udoji da aka bari a baya. Inda nake jin tsoro shi ne wajen ƙidaya. In aka ce za a auna hedimasta da yawan sunayen da ke rajista, rajista za ta cika, aji kuwa yana nan yadda yake. In aka auna asibiti da yawan alluran rigakafi da aka rubuta, rubutu zai yi yawa. Duk adadin da aka ɗaura wa abincin mutum, sai an sami hanyar kumbura shi.

Akwai hujja daga cikin ƙasar nan. Imran Rasul da Daniel Rogger sun bibiyi ayyuka sama da 4,700 a hukumomin tarayya 63, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun tarar kashi 38 cikin ɗari na ayyukan ba a ma fara su ba. Abin da ya fi ba da mamaki, hukumomin da ke sakar wa ma'aikata mara su yanke shawara sun fi kammala aiki, waɗanda suka fi tsananta sa ido da alƙawarin lada da hukunci kuwa sun fi gazawa, musamman inda aikin ke da sarƙaƙiya. Wannan ba ya nufin a daina dubawa. A gundumar Udaipur ta Indiya, wata ƙungiya ta ba malaman ƙauye kyamara su ɗauki hoto da ɗalibai safe da yamma, aka ɗaura albashi a kan zuwa aiki, fashin malamai ya sauko daga kashi 42 zuwa 21 cikin ɗari. Amma da aka gwada makamancin haka ga ma'aikatan jinya na gwamnati a yankin, bayan 'yan watanni sai shugabanninsu suka riƙa ba su uzurin da ya rushe tsarin. Zuwa aiki abu ne da na'ura ke iya ƙirgawa. Ingancin aiki sai idon wanda ya san aikin, kuma babu na'urar da za ta yi tasiri in shugaban da ke tsakiya bai yarda ba. Jihar Kaduna ta bi ta wata hanyar a 2017, ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta sallami sama da dubu ashirin da ɗaya da suka kasa. Ta fito da gaskiya mai ɗaci, amma tambayar da ta bari ita ce, ina rahotannin shekara-shekara na waɗannan malamai suke duk tsawon lokacin, kuma wa ya sa musu hannu?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a auna malami a ajin da ya cika maƙil, ba benci ba littafi, da ma'aunin wanda ke da komai. Ba adalci ba ne a ba mutum takardar ƙarin girma kuɗin bai biyo baya ba, sannan a nemi ya ɗauki fom da muhimmanci. Yarjejeniyar aiki hannu biyu ke sa mata: ma'aikaci ya yi alƙawarin abin da zai yi, hukuma ta yi alƙawarin abin da za ta kawo, a zaman bibiya a karanta duka biyun. Jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2015, kuma gini da ɗaukar malamai su ne abin da ido ke gani a irin wannan yunƙuri. Kuɗin man babur ɗin mai duba makarantu ba ya cikin abin da ake buɗewa da biki, amma shi ke tabbatar da cewa ginin ya zama makaranta.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake buɗe maganar wa ke da iko da ma'aikatansu. Ko yaya aka warware ta, akwai abin da Boɗinga da Shagari za su iya farawa ba tare da jiran sabuwar doka ba. A raba zaman gyara da zaman ƙarin girma, ta yadda hedimasta zai iya faɗin gaskiya kowane zango ba tare da jin yana yanke abincin wani ba. A sa kwamitocin iyaye na makarantu da kwamitocin lafiya na mazaɓu su riƙa tabbatar da zuwa aiki, tunda su ke wurin kullum. Sunayen masu zuwa bita su fito daga littafin ziyara, a kuma kai bitar makarantar da ke tsakiyar ƙauyuka maimakon otal. Maganar kara kuwa, tunda hanya ɗaya ta haɗa ƙananan hukumomin biyu, babu abin da zai hana hukumar ilimi ta jiha ta riƙa musayar masu dubawa sau ɗaya a zango: na Boɗinga ya shiga makarantun Kajiji da Dandin Mahe, na Shagari ya shiga na Sifawa da Danchadi, inda ba shi da suruki, sannan a ajiye rahotonsa kusa da na ɗan gida a ga inda suka saɓa.